Amfilifayar Honarabul da Kalmar da Aka Hana Faɗa

Jama'a, ku taya ni jaje, siyasa ta raba ni da ƙosaina. Ina zaune da safe a bencin Samiratu mai koko, na tsoma ƙosai ke nan zan kai baki, sai ga wasu ƙarti biyu sanye da riga mai hoton Honarabul sun tsaya a kaina sun tare mini iska. Ɗaya ya tambaya ko ni ne Mutaru mai rubutu a jarida. Na ce ni ne, sai dai in akwai wani mai irin wannan sanƙon a layin. Ya ce to labari ya iske su cewa ni ne shugaban masu son Honarabul ya janye daga takara. Ni da ko shugabancin layin alwala ba a taɓa ba ni ba. Kafin in haɗa kalma biyu, ɗayan ya miƙa hannu ya kwashe ƙosan ya cinye a gabana, wai don in san ba da wasa suka zo ba.

Bari in koma baya ku ji yadda talaka ke shiga uku yana tsakiyar aikin lada.

Masallacin layinmu a nan Zangon Kumasi ƙarami ne, kuma ladaninsa Baba Brimah ne, mahaifin ita Samiratun. Tun ina sa gajeren wando yake hawa wani dakalin siminti da ke ƙofar masallacin yana kiran sallah. Muna da amfilifaya a da, wato akwatin nan da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta fita ta lasifika. Ta ƙone a daminar bara, ranar da masu wuta suka ɗauke abarsu suka daɗe, sannan suka dawo da ita da fushi kamar mu muka yi musu laifi. Tun daga ranar Baba ke kira da zallar maƙogwaro. Ga tsufa, ga injin niƙa, ga babura, ga kwandastocin torotoro, ƙananan motocin hayar nan, suna ta ihun Atonsu, Atonsu a bakin titi. Wanda gidansa ya wuce shagon tela ba ya jin komai. In ka ce wa Baba muryarsa ta ragu sai ya harare ka ya ce, "Ni murya na yana nan. Zango ne ya ƙara surutu."

Alhaji Abdulwahab, shugaban kwamitin masallaci, ba mugu ba ne, amma mutum ne mai son abu ya tafi daidai. Ya ce azumi na tafe, mutane na bukatar jin kiran sahur da na shan ruwa, saboda haka in wata ya tsaya ba a samu na'ura ba, Baba zai huta a ba wani matashi mai maƙogwaro. Samiratu ce ta gaya mini cewa tun ranar Baba ya rage cin abinci, kullum cikin shan citta da zuma yake, kuma yana fita tun lokaci bai yi ba ya zauna a kan dakalin nan kamar mai tsoron a sace shi. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Muryar nan ce ta tashe ni asuba ina yaro, ita ce kuma ta sanar wa Zango rasuwar mahaifina.

Ana cikin haka Allah ya kawo lokacin zaɓen fid da gwani, lokacin da manya ke tuna cewa akwai hanyar da ta biyo ta layinmu. Mai Girma Honarabul, Garkuwan Marasa Gata, Uban Kwatar da Ba a Gina ba, ya ji kukanmu. Kwatar nan ta bakin masallaci an aza harsashinta har mun daina zuwa kallo, kuma har yau in an yi ruwa sai mun naɗe wando mu tsallaka. Amma gaskiya ɗaya ce, wannan karon ya cika alkawari, ya kawo amfilifaya.

Ku zo ku ga biki. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an zo da makaɗa, motoci sun toshe layi har mai niƙa ya rufe shago. Ga masu ɗaukar hoto, ga shinkafa a roba wadda ta ƙare kafin ta iso sahunmu. Abin da aka kashe wajen miƙa amfilifaya ɗaya zai saya wa kowane masallaci tasa daga nan har Ayigya Zango. An liƙa hoton Honarabul a fuskar akwatin, hoton ma ya rufe maɓalli biyu. Shi kuma ya sanar cewa ba irin ta kasuwa ba ce, daga Amurka aka yo masa odarta. Muka tafa. Aka zo kunnawa, babu wuta. Na zagi masu wuta a zuciyata zagi mai kyau, kuma yau ina neman afuwarsu a bainar jama'a, domin ranar ce kaɗai a tarihin Zango rashin wuta ya amfani wani.

Wanda ya gano haka Masta Seini ne, mai gyaran rediyo da shagonsa ke jikin masallaci. Mutum ne mai bin diddigi, ko burodi ka ba shi sai ya juya bayan leda ya karanta. Bayan taro ya watse ya juya bayan amfilifaya, ya gyara tabarau, ya ce wutar Amurka ƙarfinta ɗari da goma ne, tamu kuwa ɗari biyu da arba'in. Da an jona ta a bango a ranar, da hayaƙi ne zai yi jawabin godiya. Alhaji Abdulwahab ya tambayi mafita. Masta ya ce, "Maganin sa sitef-dawun ne kawai, Alhaji."

Ga wanda bai san shi ba, sitef-dawun wani ƙarfe ne mai nauyin dutsen niƙa, ana sa shi tsakanin bango da na'ura ya rage ƙarfin wuta. Duk gidan da ke da ɗa a Amurka a Zangon nan akwai shi a bayan talabijin yana gurnani. Baba Brimah, wanda Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, ya jawo ni gefe ya tambaye ni ma'anar kalmar. Na ce masa tana nufin sauko ƙasa. Ya maimaita ta a hankali, ya ce tana da daɗi a baki, da ji ka san kalmar manya ce.

Abin da na sha'afa da shi shi ne, a bakin 'yan siyasa kalmar nan tana da wata ma'ana. In aka ce ɗan takara ya yi sitef-dawun, to ya janye ke nan ya bar wa wani. Kuma ga shi ana tsakiyar fid da gwani, kowa kunnensa a tsaye.

Kwamiti ya ce tunda ni na iya magana da manya, in je in roƙi Honarabul ya cika ladansa. Na sa rigata ta Juma'a na tafi. Ban same shi ba, an ce yana mitin, kamar yadda yake tun ranar da muka zaɓe shi. Wanda na samu shi ne Mai Riƙe Jaka, wani matashi mai wayoyi a hannu biyu da ƙamshin turare. Na gaishe shi da ladabi na ce, "Jama'ar masallaci na gaishe da Honarabul paa. Sun ce ya yi ƙoƙari, ya gama nasa. Abin da ya rage yanzu sitef-dawun kawai."

Ya ajiye wayoyin a kan tebur. Ya tambaye ni wa ya faɗi haka. Na ce kowa da kowa, liman da ladan da kwamiti, har mata sun goyi baya. Ya tambaya tun yaushe aka yanke shawarar. Na ce tun ranar da Honarabul ya zo ya tafi muka zauna muka ga babu wata hanya. Ya ce in kuma ba a yi ba fa? Na ce ai Masta ya riga ya faɗa, hayaƙi zai tashi. Na fito ina yaba wa kaina iya isar da saƙo, har na sayi rake a hanya.

Washegari ne aka cinye mini ƙosai.

Ni da Alhaji Abdulwahab muka koma muka yi bayani, har da kwatanta girman ƙarfen da hannu. Mai Riƙe Jaka ya gane, ya ma ɗan yi dariya, amma ya ce magana ta riga ta fita. Yaran abokin takara sun mai da ita waƙa, har an fara gaishe ni a hanya da Shugaba. In aka ga wani abu mai wannan suna zaune a masallaci a ƙarƙashin hoton Honarabul, kafin la'asar hotonsa ya zaga wayoyin Kumasi. Saboda haka ba a yarda sitef-dawun ya shiga masallacin ba, ko na ƙarfe ko na baki. In ya shiga, za su zo su ɗauki kayansu. Kuma Honarabul zai dawo ranar Juma'ar ƙarshe kafin azumi ya kunna na'urar da hannunsa mai albarka. Na kawo shawarar a saya a rufe shi da darduma, ko a canja masa suna. Alhaji, wanda ke jiran alkawarin kwanon rufi daga wannan hannun mai albarka, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru.

Kun ji fa. An ba mu kyautar da ba ta cin abincin garinmu, an kuma hana mu sayo mata wanda take ci. Haka muka ɗauki akwatin muka dire a teburin Masta Seini. Baba Brimah ya biyo mu ya zauna a ƙofar shago da tasbaharsa, wai wucewa ya zo yi.

Masta ya kwance murfi, ya hana ni sa hannu, ya ce akwai wasu gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko an cire filogi, kuma ba su san marubuci ba. Ya nuna mana wani dunƙulen ƙarfe a kusurwa, ya ce ita ce taransfoma, ita ke karɓar wutar bango ta raba wa sauran kayan ciki daidai cikinsu. A cikinta akwai waya ta jan ƙarfe da aka nannaɗe. Sai ya juya ya dubi tsohon ya ce, "Baba, in naɗi ɗaya ne a wajen shigan wuta, ba yadda za mu yi koraa, sai an warware an sake naɗawa, kuma ba zai gama kafin azumi ba. In naɗi biyu ne, muna da magana."

Tasbahar Baba ta tsaya. Masta ya bi wayoyin da yatsa, ya share ƙura, ya ɗora mitarsa a kan wannan ya ɗora a kan waccan, yana yi yana tauna goro kamar ba ran wani ne a hannunsa ba. Ni kaina sai da na ji gumi a sanƙona. Can ya ce wayoyi huɗu ne, naɗi biyu ke nan. Baba ya ci gaba da jan tasbaha.

Ga yadda ya bayyana mini, ni ma in bayyana muku kafin in manta. Masu ƙera irin wannan sukan sa naɗi biyu don su sayar a ko'ina. In ƙasar mai wuta ɗari da goma ce, sai a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya sha wutar kai tsaye. In irin tamu ce mai ninki biyu, sai a raba su a sa ɗaya ya bi bayan ɗaya, ƙarshen na farko ya kama farkon na biyu, wuta ta ratsa wannan ta shiga wancan, kowa ya ɗauki rabin kaya. Na ce ashe ma abin da sauƙi. Ya ce da sauƙi, in ka san wanne ne kai wanne ne wutsiya, domin launin wayoyin ya koɗe, kuma babu takardar da ta biyo kyautar sai hoton Honarabul.

Ya narkar da dalma ya raba haɗin Amurka, ya yi sabon haɗi. Bai jona kai tsaye ba, sai da ya sa ƙwan lantarki a kan hanyar wutar, wai in akwai kuskure ƙwan ya sha dukan a madadin taransfoma. Ya kunna. Ƙwai ya kama tar, ya haske shagon duka. Baba ya ce alhamdulillahi, ni ma na fara miƙa wa Masta hannu. Shi kuwa ya yi maza ya kashe, ya ce a nan haske ba alheri ba ne. Ya haɗa wutsiya da wutsiya, naɗin biyu suna ja da juna, wannan na tura gabas wancan na tura yamma, sai su shanye wuta duka ba tare da sun yi aikin komai ba. Na ce Masta, wannan tsarin ai na san shi, da shi ake gina mana kwata.

Ya juya wayoyi biyu, ya sake ɗiga dalma, ya kunna. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya, sannan ya dushe ya koma ja kamar garwashi. Masta ya auna, ya gyaɗa kai, ya tofar da goro. Ya cire fiyus ɗin da ta zo da shi ya sa mai rabin ƙarfinsa, ya yanke filogin Amurka mai siraran ƙafafu ya sa irin namu, sannan ya rubuta sabon ƙarfin wutar da fenti a baya don kada wani ya zo gobe ya yi mata gyaran alheri. Baba ya so ya gwada ko da kabbara ɗaya ce, amma an riga an gargaɗe mu cewa muryar farko da za ta fita ta Honarabul ce. Sai Masta ya rage ƙara can ƙasa, tsohon ya hura iska a makirfo sau biyu, ya ji ta fito ta lasifika, ya koma gida. Samiratu ta ce ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Juma'a ta zo. Bayan la'asar aka sake kafa rumfuna, aka sake kawo makaɗa, domin a ƙasar nan miƙa abu biki ne, kunna shi ma wani bikin ne. Masu wuta sun ji tsoron Allah sun bar ta. Mai Riƙe Jaka ya leƙa bayan akwati da ƙarƙashin tabarma, bai ga haramtaccen ƙarfe ba, ya yi mini murmushi. Honarabul ya danna maɓalli, ya nemi wuri mai tudu da kowa zai gan shi, bai ga wanda ya fi dakalin Baba ba, ya haye.

Amfilifaya ta yi aiki, har ta so ta wuce gona da iri. Na tabbata makanikan Suame Magazine, can wani gefen Kumasi, sun ji an sake yi mana alkawarin kwata. Ya yi maganar matasa, ya yi ta mata, ya yi ta kwanon rufi har Alhaji Abdulwahab ya gyara zama. Ya ce abu na ƙarshe, ya kawo wasu abubuwan na ƙarshe. Rana ta yi ja ta faɗa bayan gidaje. Liman ya yi gyaran murya, ba a ji ba. Alhaji ya duba agogo ya dubi rufin masallaci ya sunkuyar da kai. Wasu suka juyo suna kallona, wai ni mai iya magana da manya. Na kafa wa takalmina ido, don ni na riga na yi sallama da isar da saƙo.

Sai Baba Brimah ya tashi. Ya taka a hankali har gindin dakalinsa, ya kama gefen babbar rigar Honarabul ya ɗan ja. Honarabul ya sunkuyo da makirfo a hannu don ya ji abin da dattijo zai ce. Shi kuwa Baba, don girmamawa, ya ga bai dace ya yi wa babban mutum magana da Hausar layi ba, sai ya ɗauko kalmar manya da ya adana.

"Honarabul, ɗana, sitef-dawun. Magariba ya yi."

Aikin Masta Seini ba ƙarya, ko harafi ɗaya bai faɗi a hanya ba. Makaɗa suka riƙe sandunansu, Mai Riƙe Jaka ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Ƙartin nan biyu da suka ci ƙosaina suka dubi juna, don babu wanda ya koya musu yadda ake yi da tsohon da ya girmi kakansu. Honarabul ya dubi Baba, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga gaskiya magariba ta yi. Sai ya yi dariya, ya tattare riga, ya sauko, ya miƙa makirfo da hannu biyu. A nan kam na yaba masa, kuma ba yabon jarida ba.

Baba ya hau dakalinsa, ya sa yatsa a kunne, ya yi kabbara. Muryar tsoho ce, da 'yar rawarta da komai, amma ta wuce shagon tela, ta wuce injin niƙa, ta rufe bakin kwandastoci, ta shiga gidajen da suka yi wata da watanni ba su ji ta ba. Na ga mata suna leƙowa ta ƙofa. Can ƙarshen layi Samiratu na suyar ƙosan yamma, ta tsaya da matsami a hannu tana sauraren mahaifinta har kasko guda ya ƙone. Ni ma hawaye ya zo mini, ban kuma ɓoye ba. Bayan an idar da sallah Alhaji Abdulwahab ya riƙe hannun Baba ya ce ya riƙa kwanciya da wuri, don kiran sahur ba ya son makara. Maganar matashi mai maƙogwaro ba a sake ta da ita ba.

Ƙonannen ƙosan nan ni aka ba, wai diyyar wanda siyasa ta ci, na kuma karɓa da godiya. Kwata dai tana nan yadda kuka san ta. Amma tunda na ga da idona akwai mutum ɗaya a Zango da in ya yi Turanci manya ke bi nan take, kullum bayan la'asar ina zaune da Baba a kan dakali, ina koya masa yadda ake cewa a gina mana kwata.